Makarantar DO a Amurka ko karatun likita a waje: wanne za a ɗauka?

Yaro ya gama digirinsa na farko a Amurka, ya rubuta MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likita, amma makarantun MD, wato masu ba da digirin likita da aka fi sani, ba su kira shi ba. Sai ga wasiƙu biyu: ɗaya daga makarantar DO (Doctor of Osteopathic Medicine, ɗaya nau'in digirin likita a Amurka), ɗaya daga wata makaranta a tsibiran Karebiyan tana cewa ya zo ya fara a watan Janairu. Iyaye da yawa sukan karkata ga ta biyu, don digirin MD take bayarwa, kuma kunnensu ya saba da shi. Na taɓa jin wani uba yana tambaya, fuskarsa cike da damuwa: "Shi wannan DO ɗin likita ne, ko mai ɗori?"

Likita ne cikakke. Yana rubuta magani, yana fiɗa, yana da lasisi a dukkan jihohi 50 na Amurka. Andrew Taylor Still ne ya buɗe makarantar DO ta farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma yau fiye da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likita a ƙasar a irin waɗannan makarantu suke. Karatun shekara huɗu ne kamar na MD, sai ƙarin kimanin awa 200 na koyon duba ƙashi da tsoka da hannu. Wahalarsa ita ce jarrabawa: COMLEX, jarrabawar lasisin masu DO, dole ce, kuma mai neman fanni mai tsananin gasa, kamar cututtukan fata ko tiyatar ƙashi, yakan ƙara da USMLE, jarrabawar lasisin masu MD.

Inda ya kamata a sa ido shi ne gurbin horon ƙwarewa bayan kammalawa, domin in babu shi, takardar digiri ba ta ba mutum lasisin duba maras lafiya a Amurka. Tun 2020 aka haɗe tsarin horon MD da DO wuri ɗaya. A rabon gurabe na 2024, kashi 92 cikin ɗari na masu gama DO sun samu wuri. 'Yan ƙasar da suka yi karatu a waje kashi 67 suka samu, waɗanda ba 'yan ƙasa ba kuwa ba su kai 60 ba. Kuma wannan lissafi bai haɗa da waɗanda suka zube tun kafin su kai ga neman gurbin ba. Wannan ne yake tayar mini da hankali: matashi ya ci bashin daloli masu yawa, ya bar karatu a shekara ta biyu, bashin kuwa yana nan a wuyansa.

Ba a ce makarantun waje ba su fitar da likitoci nagari ba. St. George's ta Grenada da Ross, wadda ta koma Barbados bayan guguwar Maria ta 2017, sun yaye dubbai da ke aiki a asibitocin Amurka. Sai dai shiga na da sauƙi, fita ce aiki, kuma dole a samu takardar ECFMG, hukumar da ke tantance waɗanda suka yi karatun likita a wajen Amurka. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a World Directory of Medical Schools, a tambaye su ƙarara: cikin ɗalibai ɗari da suka fara tare, nawa suka gama? A waɗanne asibitoci ake koyon aiki a shekara ta uku da ta huɗu?

Lissafin yakan canza ga wanda niyyarsa komawa Kano ko Kumasi. A Ingila da wasu ƙasashe, mai sunan "osteopath" ba likitan asibiti ba ne, don haka mai DO na Amurka yakan sha bayani. Irin wannan ɗalibi ya fara tuntuɓar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko takwararta ta ƙasarsa, ya samu amsa a rubuce. Ya kuma tuna yadda yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 suka katse wa 'ya'yanmu karatu ana tsaka da shi.

Amma wanda Amurka yake son zama ya yi aiki, kuma ga gurbin DO a hannu, shawarata ya karɓa. In bai samu ko ɗaya ba a bana, gara ya haƙura shekara guda, ya gyara makinsa na MCAT, ya sake nema ta AACOMAS, kafar neman shiga makarantun DO, kafin ya yanki tikitin tsibiri.