Hular kwano ta masu keke: wacce za a saya a Sakkwato, wacce za a bari

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Sakkwato suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Ɗalibai masu bin hanyar Dundaye zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ƙananan ma'aikata, malaman Islamiyya, kowa ya ga kuɗin kabu-kabu kullum ba abin ɗorewa ba ne. Tare da kekunan nan sai hular kwano ta fara leƙowa a rumfunan masu kayan keke da wajen 'yan gwanjo. Iri uku ake gani: sabuwa mai arha marar sunan kamfani, sabuwa mai ɗan tsada da ke ɗauke da takardar gwaji a ciki, sai ta gwanjo da ta zo cikin dila daga Turai. A cikin ukun, ta tsakiyar ce kaɗai muke iya cewa mutum ya sa kuɗinsa, ita ma sai ya duba ta da hannunsa.

Robar waje mai sheƙi ba ita ke tsare kai ba. Aikin yana ga soso mai taurin nan na ciki, dangin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali, sai dai na hula ya fi matsewa. Idan kai ya bugi kwalta, soson ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun, ƙwaƙwalwa ta samu ɗan sarari maimakon ta tsaya farat ɗaya cikin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aiki. Da zarar ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, ko da daga waje hular na nan kamar sabuwa.

A nan mai arhar ke faɗuwa. Danna soson nata da babban yatsa da ƙarfi: idan ya lotsa ya bar gurbi, ko ƙwayoyinsa suka fara marmashewa, soson kwali ne aka yi wa kwalliya. Duba gefe, inda robar waje ta haɗu da soson. A mai arha za ka tarar gam ne ko salatif ya riƙe su, farce ma na iya shiga tsakani, kuma rana ɗaya ta watan Afrilu a bakin shago ta isa ta sa gam ɗin ya saki. A mai kyau, tare aka gasa robar da soson a mazubi ɗaya, sun zama jiki guda, babu inda za ka sa farce. Sai igiyar haɓa. Ɗaura maɓallin ka ja da hannu biyu kamar za ka tsinka. Na mai arha yakan zame ko ya ɓalle, kuma sau da yawa igiyar a robar waje kawai aka maƙala ta, ba ta ratsa cikin soson ba. Hular da ta fice daga ka kafin kai ya kai ƙasa ba ta yi maka komai ba.

Mai kyau tana da takarda manne a ciki, ɗauke da sunan kamfani, girman kai a santimita, nauyi, wata da shekarar da aka yi ta, da lambar gwaji: EN 1078 idan ta Turai ce, CPSC idan ta Amurka ce. Haruffan CE, alamar cika ƙa'idar Turai, su kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya buga su. Takardar ma ana iya jabunta, shi ya sa gwajin yatsa da na igiya ba su da madadi. Nauyin mai kyau yakan tsaya tsakanin giram 250 zuwa 350. Wasu masu tsada suna da wani siririn layi a ciki, galibi ruwan ɗorawa, mai suna MIPS, wanda ke ɗan zamewa milimita 10 zuwa 15 idan kai ya bugi ƙasa a karkace, don rage murɗawar ƙwaƙwalwa. Abu ne mai amfani ga mai hali, amma hular da ta zauna daidai ba tare da shi ba ta fi mai shi da ke rawa a ka.

Yana da kyau mai saye ya san abin da lambar nan ke nufi. A gwajin EN 1078, ana sa hular a kan wani ƙarfe mai siffar kai, a sako ta daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi, ta bugi ƙarfe da gudun da bai kai kilomita 20 a awa ba. Wato an yi ta ne don irin faɗuwar da ta fi yawa: taya ta shiga rairayi a gefen titi, akuya ta gitta, birki ya kama gaba da ƙarfi, babur ya goge ka ka kife kan bakin kwalbati. Ba a yi ta don tirelar siminti da ta taso daga Kalambaina ba. Duk mai sayarwar da ya ce maka hularsa na tare mota, yana son kuɗinka ne.

Wannan iyaka ce ta sa a Ingila aka shekara da shekaru ana ja-in-ja kan hular, a jaridu da intanet. Har yau doka ba ta tilasta ta ga mai keke a can ba, shawara kawai littafin ƙa'idojin hanyarsu ya bayar, alhali Ostireliya ta fara tilastawa tun 1990 a jihar Biktoriya. Masu goyon bayanta na da hujja mai ƙarfi: wani nazari na 2016 da ya tattaro bincike 40 ya nuna hular na rage mummunan raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari. Masu ja kuma na kawo Holan, inda kusan ba mai sa ta amma hawan keke ya fi aminci, saboda an ware wa keke hanyarsa. Suna kuma kawo gwajin Ian Walker na Jami'ar Bath a 2006, wanda ya auna motoci sama da 2,000 da suka wuce shi, ya tarar sukan fi matsowa da kusan santimita 8.5 idan yana sanye da hula, ko da yake wasu masana sun sake lissafin sun yi jayayya da shi. A Janairun 2022 Birtaniya ta gyara ƙa'idojinta, ta ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhaki, kuma direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke. Har kan kalma sun yi gardama, inda ake neman 'yan jarida su daina kiran abin tsautsayi su kira shi karo. Mu ma abin ya shafe mu, don mukan ce "mota ta kaɗe shi" kamar motar ba ta da direba.

Ra'ayinmu kan gardamar shi ne, hujjar Holan ba ta aiki a titin Ahmadu Bello ko shataletalen Gidan Man Ada. Ba mu da hanyar keke, muna cakuɗe da kabu-kabu da Keke Napep da amalanke. A irin wannan wuri, hula mai kyau ta cancanci kuɗinta. Masu cewa in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa gaskiya suka faɗa, amma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Akwai wanda ke tashi daga raunin kai da farfaɗiya ko mantuwa, iyali su yi ta jinya shekaru.

Yadda za a zaɓi girma: a ɗauki tef ɗin tela a zagaya kai ta wajen da ya fi faɗi, kamar yatsa ɗaya sama da gira. Yawancin manya kan faɗa tsakanin santimita 54 da 61. A sa hular a miƙe, kada a tura ta ƙeya kamar yadda samari ke karya hula. Tsakanin gira da bakinta kada ya wuce yatsa biyu, don goshi ne ke fara isa ƙasa. A murɗa ɗan gargaren matse hula da ke bayanta har ta kama, sannan a sunkuya a girgiza kai tun ba a ɗaura igiya ba. Idan ta faɗo, ta yi yawa. Igiyoyin gefe biyu su haɗu daidai ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma ta matse har yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga. In ka buɗe baki sosai ka ji hular ta ɗan danno kai, ta zauna. Kada a saya wa yaro babba da nufin zai girma ya cika ta, ba takalmin sallah ba ce. A kuma cire masa ita in zai hau bishiya ko lilo, don igiyar na iya maƙalewa ta shaƙe shi.

Sai maganar tagiya da rawani, wadda ita ce ainihin abin da ke hana dattawa da yawa. A Birtaniya majalisa ta yi doka a 1976 da ta ɗauke wa mabiya addinin Sik masu rawani wajibcin hular kwano a kan babur, saboda biyun ba sa haɗuwa. Haka abin yake a nan. Hular kwano ba ta zama a kan zanna ko dara, tana tashi sama ta bar goshi da ƙeya a buɗe. Mafita ita ce a ninke tagiyar a sa a jaka ko aljihu, in an isa masallaci ko ofis a mayar. Siririyar farar hula ta saƙa mai lafewa ba ta da matsala. Ga 'yan mata masu zuwa makaranta, hijabi marar kauri yana shiga ƙarƙashinta lafiya, muddin babu allura ko fil a ka, kuma ba a tara gashi a tsakar ka ba. A auna kan da hijabin a jiki. Abin da ya fi haɗari ma shi ne gefen hijabi ko babbar riga ya shiga tayar baya ko sarƙa, don haka a tattare a zauna a kai.

Zafin garin nan shi ma abin lura ne. Inda rana ke wuce digiri 40, hular da ba ta da ramukan iska manya ajiye ta za a yi bayan mako guda. A zaɓi fara ko mai haske, a leƙa ciki a ga akwai kwaroron da ya haɗa ramukan gaba da na baya, shi ke sa iska ta ratsa. Ƙananan matasai masu laushi da ke cikinta su zama masu cirewa, a wanke su da ruwa da sabulu duk mako saboda gumi da ƙurar hunturu. Kada fetur ko kananzir ko tina ko fenti su taɓa ta, suna narkar da soson. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota ko kan kwanon ɗaki. Kamfanoni kan ce a sauya bayan shekara 3 zuwa 5, kuma a wannan yanayin ukun ya fi kusa da gaskiya.

Ta gwanjo tana da ruɗi, don sau da yawa sunan babban kamfani ne a jikinta, kuɗin kuma kaɗan. Matsalar ita ce ba wanda ya san ko ta taɓa faɗuwa da mai ita, ga shi an danne ta cikin dila ta yi watanni a kwantena. In dole sai ita, a cire matasan a haska ciki da tocila, a ɗan buɗa gefunan da hannu a ga ko tsaga za ta bayyana, a duba shekara. Tsaga ko da siririya ce, ko shekarar da ta haura biyar, a bar ta. Hular 'yan gini kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soso. A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hula ga masu babur, har ƙwarya an ga 'yan acaɓa sun kifa a ka. Hular gini a kan keke ba ta fi ƙwaryar nan da yawa ba. Ta babur kuma ta wuce kilo ɗaya, tana toshe kunne, tana dafa kai. Haka ita ma ta keke ba ta isa a hau babur da ita ba.

Ga wanda kuɗinsa ba su isa komai da komai ba, muna ganin robar birki da fitila ne farko, hula ta biyo baya. Robar birki in layukan jikinta sun shafe a sauya, kuma hannun birki ya kama tun bai kai rabin hanya ba. Fitila fara a gaba, ja a baya, musamman ga mai fita asuba ko dawowa bayan magariba, da lokacin hazo. Masu caji da wayar USB sun fi masu batir sauƙin riƙo, sai dai ɗan murfin robar da ke rufe bakin cajin shi ke fara yagewa, ƙura ta shiga, damina ta ƙarasa. A duba shi kafin a biya, a kuma sa mai shago ya kunna fitilar a tsaya nesa kamar taku hamsin a ga ko ana hango ta. A ɗaura ta bayan a sandar sirdi, ko a kan kariya idan ana ɗaukar kaya, inda buhu ko riga ba za su rufe ta ba.