Tikitin Wasannin Jami'o'in Amurka: Wanne Ya Fi Dacewa Da Aljihunka?

Magoya bayan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a matakin jami'a suna ta kokawa kan tsadar tikitin kaka, wato tikitin shiga dukkan wasannin gida na kakar wasa, kuma kukansu yana da tushe. A watan Satumban 2024 Jami'ar Tennessee ta sanar da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan tikiti domin biyan 'yan wasa, ban da ƙarin da ta yi wa ainihin farashin. Sasantawar shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka shigar kan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda kotu ta amince da ita a watan Yunin 2025, ta ba kowace jami'a da ke cikin tsarin damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma ɗan kallo na cikin waɗanda ake tatsa domin cike wannan giɓi.

Tikitin kaka cikakke ba na ba da shawararsa sai ga wanda ke zaune a garin. A manyan jami'o'i sai ka biya gudummawar dole a kan kowace kujera mai kyau, wadda tun 2018 ba a rage maka haraji saboda ita, sannan ka biya kuɗin wasa shida ko bakwai alhali wasu da ƙananan makarantu ake yin su.

Abin da na fi so shi ne ƙaramin ƙunshi na wasa biyu ko uku, wanda jami'o'i da dama ke sayarwa kai tsaye daga ofishin tikitinsu. Yawanci babu gudummawar dole, kana sanin ranakunka tun kafin kaka ta fara, ga shi kuma idan matsala ta taso akwai ofishin da za ka kai kuka. Ga ɗalibi ko magidanci mai aikin ƙarshen mako, wannan ya wadatar. Shafukan sake sayar da tikiti na StubHub da SeatGeek kuwa farashinsu kan yi tashin gwauron zabi a ranar babban wasa.

Inda nake so a yi hattara sosai shi ne sayen hannu da hannu a shafukan sada zumunta, domin wani ya taɓa sayar mini da hoton tikiti, aka mayar da ni daga bakin ƙofa. Yawancin tikitoci yanzu na waya ne, wasu ma lambarsu tana sauyawa a kai a kai, saboda haka hoto ba ya shigar da kowa. Mazambaci yakan sayar wa mutane da yawa kujera ɗaya, yakan matsa maka da cewa wani na jira, sannan ya nemi ka tura kuɗi ta Zelle, tsarin tura kuɗi daga banki zuwa banki, inda da wuya a dawo maka da su. Kada ka biya ko sisi sai an tura tikitin cikin asusunka ta manhajar jami'ar, ka kuma ga lambar kujerar da sunanka.