Gargaɗi Kan Masu Sayar Da Fom Ɗin Tallafin Talakawa

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya faru a unguwarmu, kuma saboda labarin da ke iso mana daga ƙauyukan da ke kewaye ya nuna cewa ba mu kaɗai aka yi wa ba. Wasu samari biyu ne suka zo bayan la'asar, sanye da riguna masu tambari, kowanne da katin shaida rataye a wuya, suka zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da masallaci. Suka ce an turo su ne su yi rajistar waɗanda za su samu tallafin naira 75,000 na gwamnatin tarayya, fom ɗin naira 2,000 ne, wanda kuma yake son sunansa ya fito a zagayen farko sai ya cika 5,000, sannan suka ƙara da cewa washegari za a rufe. Kafin magariba layi ya kai bakin titi, kuma mafi yawan waɗanda ke cikinsa tsofaffi ne da matan da mazajensu suka rasu.

Gwaggona tana cikinsu. Ƙuli-ƙuli take sayarwa, kuma a wannan makon ne ta kwashi adashe, aka tura mata kuɗin ta asusunta na banki. Bayan sun karɓi kuɗin fom, sai suka rubuta lambarta ta NIN da ta BVN, suka duba katinta na ATM gaba da baya, suka ɗauke ta hoto, sannan ɗaya ya ce mata, "Inna, wata lamba za ta shigo wayarki yanzu, ita ce shaidar an karɓe ki, sai ki karanto mana." Ba ta iya karatun boko ba, don haka ta miƙa masa wayar gaba ɗaya. Da gari ya waye ta je wurin mai POS za ta ciri kuɗin gyaɗa, aka ce mata babu ko kwabo a ciki. Na tambaye ta, "Gwaggo, me ya hana ki kira ni?" Ta ce, "Ɗana, ai cewa suka yi gobe za a rufe, kuma na ga mutanen kirki a layin."

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, shiga rajistar talakawa ta ƙasa kyauta ne, kuma ba fom ake saya a shiga ba. Ofishin NASSCO ne ke kula da rajistar a matakin tarayya, kowace jiha kuma tana da nata sashen da ke tattara sunaye. Tsarin da aka gina ta a kai shi ne a tara jama'ar gari a fili, da sanin masu unguwanni da dagatai, a raba su rukuni na maza da na mata da na matasa, su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su kuma lissafo gidajen da suka fi kowa buƙata. Bayan an daidaita sunayen ne ma'aikata suke bi gida gida suna ɗaukar bayanai. Wanda ya zo shi kaɗai ko su biyu, ba taro, ba sanarwa daga fadar dagaci, yana karɓar kuɗi a gindin bishiya, ya riga ya saɓa wa tsarin tun kafin ya buɗe baki. Haka nan saƙonnin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, masu hoton shugaban ƙasa da tutar Najeriya, waɗanda ke cewa a latsa nan a cike suna, sannan a tura wa mutum goma kafin kuɗi su shigo, duk jirgi ɗaya ya kwaso su da samarin nan.

Wayon da suke yi shi ne cakuɗa ƙarya da gaskiya. Tallafin naira 75,000 ba ƙirƙirarsa suka yi ba. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnati ta sanar a Oktoban shekarar cewa za ta ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a kowane wata har wata uku. Gaskiya ne kuma cewa ana buƙatar NIN ko BVN domin tantance mai karɓa, shi ya sa tambayar ba ta ba kowa mamaki ba. Amma lambar sirri ta kati, da lambar nan da banki ke turowa ta tes, ba shaidar rajista ba ce, makullin asusu ce. Wanda zai saka maka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Wanda ya nemi makullin, cira zai yi.

Sai dai ban yarda a ɗora laifin duka a kan rashin sanin talaka ba, kamar yadda wasu suka yi ta faɗa a majalisa bayan abin ya faru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka fara shirin ba talakawa tallafin kuɗi a 2016, lokacin da ake ba gida naira 5,000 a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk bayan wata biyu, mutane nawa ne a unguwa suka taɓa ganin jerin sunayen masu karɓa da idonsu? Mutum yana ji a rediyo an raba biliyoyi, bai san wanda ya samu a layinsu ba, bai san ko sunansa yana ciki ba, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya tambaya ba. A irin wannan duhun, duk wanda ya zo da riga mai tambari ya ce shi ne hanya, za a bi shi. A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta fito ta nuna shakku kan ingancin rajistar kanta. A Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar jinƙai ta lokacin, Betta Edu, bayan fitowar wata takarda da ke neman a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci domin bincike. Talakan da ya ji waɗannan labarai ya kammala a ransa cewa ba a samu sai da hanya, kuma wannan tunanin shi ne jarin 'yan damfara.

Akwai kuma wata cutar da ta fi wannan wuyar kamawa, domin daga cikin gida take fitowa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Shi ne a samu wani mai faɗa a ji ya tattara katunan tsofaffi ya ce zai ciro musu don ya rage musu wahalar tafiya, ya dawo ya miƙa rabi, ko kuma a ce wa wadda ta karɓa ta fitar da na goro don kada a cire sunanta a zagaye na gaba. Yawancin masu karɓa ba sa magana, saboda a ganinsu alfarma aka yi musu, kuma ba a duba haƙorin kyauta. Alhali kuwa ba kyautar kowa ba ce. Wani ɓangare na kuɗin rance ne daga Bankin Duniya, dala miliyan 500 a karon farko da miliyan 800 daga baya, wanda 'ya'yanmu za su biya. Wani ɓangaren kuma shi ne dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido bisa yarjejeniyar Disambar 2017.

Wannan yarjejeniya tana da wani abin koyi, domin an tanadi cewa ƙungiyoyin fararen hula za su sa ido kan yadda ake kashe kuɗin, kuma ƙungiyar ANEEJ mai hedikwata a birnin Benin ta jagoranci tura masu bibiya zuwa garuruwa, suna tambayar masu karɓa nawa aka ba su da kuma ko an yanke musu wani abu. Wannan aiki ba ya buƙatar digiri. Abin da muka yi a unguwarmu bai wuce haka ba. Mun je wurin mai unguwa muka ce, "Ranka ya daɗe, muna roƙon kada wani baƙo ya sake zama ya rubuta sunan kowa sai ya biyo ta wurinka, kai kuma ka tuntuɓi ƙaramar hukuma kafin a yi shela." Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. An zaɓi mutum biyar, biyu daga cikinsu mata, aka sayi littafi, duk wanda ya karɓi tallafi kuma ya amince, sai a rubuta ranar da adadin da ya shiga hannunsa. Mun kuma rubuta takarda muna neman a liƙa jerin sunayen mazaɓarmu a inda kowa zai gani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan bayanai a rubuce, ta kuma ba ofishin da aka tambaya kwana 7 ya amsa. Shirin kansa yana da jami'an karɓar ƙorafi a ƙananan hukumomi, kodayake da wuya ka samu wanda aka taɓa gaya masa haka a ranar biya.

Wanda ya riga ya ba da lambobinsa, kada ya tsaya jin kunya ko jiran ya ga abin da zai faru. Ya tafi bankinsa a ranar, a toshe katin, a canza lambar sirri, ya nemi takardar shige da ficen asusunsa, domin a jikinta ne ake ganin inda aka tura kuɗin. Daga nan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, idan kuma ma'aikacin gwamnati ne ya nemi na goro, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce wurin zuwa. Mun yi wa Gwaggo duk wannan, har yanzu kuɗinta ba su dawo ba, matan adashen ne suka yi mata karo-karo ta sayi gyaɗa. Samarin kuwa an ce an gan su ranar kasuwa a wani ƙauye da ke gabas da mu, wannan karon da sunan rajistar takin zamani, ɗaya dogo ne mai tabo a goshi, kuma babur ɗinsu ba shi da lamba.