Division I kai tsaye ko kwalejin shekara biyu: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin tambaya ko ɗanki mai buga ƙwallon ƙafa ya nufi Division I kai tsaye, wato rukunin ƙoli na wasannin jami'o'in Amurka, ko ya fara da kwalejin shekara biyu. Tunda kin ce yaron yana aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, a can Amurka, a ƙungiyar makarantarsu kaɗai yake buga ƙwallo, kuma har yau babu kocin da ya neme shi, to ku kai shi kwalejin shekara biyu, wadda ake kira JUCO.

Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ba kociyoyin Division I damar fara tuntuɓar yaro tun ranar 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, kuma galibi a wasannin MLS Next da ECNL, manyan gasannin kulob-kulob na matasa, suke zaɓe, ba a filin makaranta ba. Wanda ya kai aji 12 wayarsa shiru, an riga an cike gurabe ba da shi ba. Ko ya samu ya kutsa, da ƙyar zai ga cikakken tallafi. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, kuɗin tallafin karatu na mutum 9.9 aka riƙa yayyanka wa ƙungiya mai 'yan wasa kusan 30, kuma da 'yan Turai da Kudancin Amurka waɗanda suka girme shi zai yi kokawar gurbi. A Division I akwai suna, akwai filaye masu kyau, wannan ba musu. Amma benci zai ɗumama.

A JUCO kuwa yaro yana taka leda tun kakarsa ta farko, daga Agusta zuwa Nuwamba, kuma abin da kocin jami'a yake son gani ke nan: wasa na gaske da manya, a bidiyo. Dom Dwyer, wanda ya zama ƙwararren ɗan wasa, daga Tyler Junior College ta Texas ya fara a Amurka, ya ci kofin ƙasa da su a 2009 da 2010, ya wuce jami'ar South Florida, a 2012 Sporting Kansas City, ƙungiyar ƙwararru a babbar gasar Amurka ta MLS, ta ɗauke shi. Kuɗin makaranta ma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman a kwalejin jihar da kuke zaune.

Sai dai ki tambayi rukunin kwalejin kafin komai, don ba duka suke ɗaya ba. A ƙarƙashin NJCAA, hukumar wasannin kwalejojin shekara biyu, rukuni na ɗaya zai iya biyan kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai. Na biyu karatu da littattafai kawai, ɗaki da ciki naku ne. Na uku ko sisi ba ya bayarwa don ƙwallo. Kwalejojin California ƙungiyarsu daban, su ma babu tallafin wasa. In yaron ɗan ƙasa ne ko mai katin zama, ku cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, da wuri, sau da yawa abin da ke fitowa daga nan ya fi na koci.

Inda yara suke faɗuwa a aji ne, ba a fili ba. Komawa Division I daga JUCO yana buƙatar GPA, wato matsakaicin maki, na 2.5, a darussan da jami'ar za ta karɓa. Yaro sai ya tara darussa masu sauƙi, ranar tafiya a ce rabinsu ba sa shiga lissafi. Tun zangon farko ya zauna da mai ba ɗalibai shawara, su duba jerin abin da jami'o'in da yake hari suke amsa. Kuma shekarunsa na buga wasa sun fara ƙirguwa daga ranar da ya yi rajistar cikakken ɗalibi, don haka babu zaman shekara ta uku. Ko JUCO ɗin zai je, ya yi rajista yanzu da NCAA Eligibility Center, ofishin da ke tantance cancantar ɗalibai su buga wasa. Idan ya kammala darussan sakandare 16 da suke nema da GPA 2.3, ficewarsa daga kwalejin za ta fi sauri.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi dillalan sikolashif. Duk wanda ya ce ki ba shi dubban daloli zai samo wa ɗanki cikakken tallafi, ƙarya yake, koci kaɗai ke da wannan ikon. Aikin da za su yi imel ne, yaron zai iya da kansa: bidiyo na minti 3 zuwa 5, mafi kyawun wasansa a sakan 30 na farko, da sakamakonsa, da lambar da yake bugawa, ya aika wa kociyoyi 30 ko 40, kowanne da sunansa. Haka takardun gayyata zuwa sansanin gwaji, yawancinsu ga kowa ake turawa don a tara kuɗi. Kada ku biya sai kocin ya yi magana da yaron baki da baki. Alkawarin baka ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a takardar tallafi mai adadi a rubuce. Kuma kada ya sa hannu da wani wakili ko ya karɓi albashi a wata ƙungiya kafin ya tambayi ofishin wasanni na kwalejin, don hakan na iya haramta masa bugawa.