Rigar df.T: barkwancin ya zauna, rinin ne ya ba ni kunya

Wata uku ke nan ina saka wannan riga, ta sha wanki kusan sau goma, don haka yanzu ina da bakin magana a kanta.

Guda biyu na saya, ɗaya tawa, ɗaya ta abokiyar aikina wadda ta sauya jinsi. Mu biyun aikin kimiyyar bayanai muke yi, kullum muna fama da teburan alƙaluma. Rigar baƙa ce ta auduga, mai gajeren hannu. A ƙirji an buga tutar masu sauya jinsi, sai dai ratsinta biyar a tsaye suke maimakon a kwance. A ƙasa an rubuta df.T da ƙananan haruffa irin na masu rubuta manhaja. Iyakar abin ke nan.

Wanda bai taɓa aiki da pandas, kayan aikin sarrafa teburan bayanai a yaren kwamfuta na Python, ba zai ɗauka lambar kamfani ce. Mu kuwa df ne sunan da muke laƙaba wa kusan kowane tebur, T ɗin kuma umarni ne na juya shi, layukan kwance su miƙe tsaye. A Turancin lissafi sunan wannan juyi "transpose", farkonsa kuwa "trans", kalmar da ake kiran masu sauya jinsi da ita a Turanci. Nan dariyar take, kuma ba a yi mata sharhi a jikin rigar ba, abin da ya fi burge ni ke nan. Yawancin rigunan barkwanci sai sun cika ƙirji da rubutu kamar allon talla.

Akwai wani daɗin a ɓoye. Monica Helms, tsohuwar sojar ruwan Amurka, ita ta tsara tutar a 1999, aka fara ɗaga ta a birnin Phoenix a 2000. Shuɗi, ruwan hoda, fari, ruwan hoda, shuɗi: ko ka kifa ta, yadda take haka take, kuma da gangan aka yi hakan. Mai zanen rigar ya bi ya nemo juyin da zai iya sauya mata kama. Abokiyata ta daɗe tana kallonta, can ta ce, "Ka san in aka juya tebur mai gaurayen lambobi da rubutu, pandas kan daina tilasta wa kowane ginshiƙi nau'in bayani guda?" Gaskiya ta faɗa, ni ban ma kai can ba.

To, sai aibi. Ɗinkin ya yi kyau, audugar ba ta sa gumi, amma rigar ta ɗan tsuke bayan wankin farko, don haka a ɗauki wadda ta fi girman da aka saba. Babbar matsalar rini ce. Kafin wanki na shida ruwan hodar ya koɗe har ya kusa haɗewa da farin tsakiya, ratsi biyar suka koma kamar uku. A wata rigar da sai in ce ba komai, amma nan launin shi ne rabin maganar. Laifina ma da ɗan kaɗan, sau biyu na wanke da ruwan zafi. Ta abokiyata, wadda take juya cikinta waje ta wanke da ruwan sanyi, har yanzu da sauran haskenta.

A wani taron aiki mutum ɗaya tak ya gane ta. Ya dubi ƙirjina, ya yi murmushi, ya tambaye ni ko akwai mai dogon hannu.