Kafin Ku Ba Mai Ɗaukar Bidiyon Biki Kafin Alƙalami

Kusan duk mai ɗaukar bidiyon biki yana da ɗan gajeren bidiyo na minti ɗaya da yake tallata kansa da shi a Instagram ko TikTok: amarya tana juyowa a hankali, haske yana bugun zobe, kiɗa mai taushi yana tashi. Da wuya ku ga mummuna a cikinsu, domin daga aikin sa'o'i takwas ko goma aka tsinto daƙiƙa 60 mafi kyau, kuma ko ɗan koyo ba zai rasa daƙiƙa 60 masu kyau a yini guda ba. Saboda haka abin da za ku fara nema a hannun duk wanda kuke tunanin ɗauka shi ne cikakken bidiyon biki, daga farko har ƙarshe, yadda ya miƙa shi ga masu bikin. Biyu ma sun fi: ɗaya na rana a fili, ɗaya na dare a ɗakin taro. In ya ce masu bikin ba su yarda a nuna ba, wannan riƙon amana ne, ku ƙara ganin girmansa. Amma wanda ya daɗe a sana'ar ba zai rasa ko ɗaya da aka ba shi izinin nunawa ba.

In bidiyon ya zo hannunku, ku fara da kunne. Ku tsallake wuraren da aka ɗora kiɗa, ku je inda mutum yake magana: lokacin ɗaura auren, jawabin mahaifi, addu'ar wata dattijuwa. Kuna jin kowace kalma? Ko muryar tana can nesa, ta cakuɗe da ƙarar fanka da surutun jama'a? A nan ne na fi ganin bambanci tsakanin gwani da mai kyamara kawai. Makirfon da ke jikin kyamara yana kwasar duk abin da ya fi kusa da shi, wato numfashin mai ɗauka da hirar mutanen da ke gefensa, ba muryar wanda yake magana can gaba ba. Gwani yana maƙala ƙaramin makirfo a rigar mai magana, yana jona na'urar naɗar murya da kayan sautin wurin domin ya kwashi abin da ke fita ta lasifika kai tsaye, sannan yana ajiye wata dabam a kusa ko da waccan ta ba da matsala. Ku tambaye shi ƙarara: "Ta yaya za ka ɗauki murya, kuma in ɗaya ta mutu me ya rage?" Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ya tsaya tunani ba. Na nace a kan wannan ne domin hotuna ba sa riƙe murya. Bayan shekara 20, abin da za ku koma nema a bidiyon shi ne muryar mutanen da wataƙila ba sa raye, yadda suke dariya da yadda suke kiran sunanku. Hoto mai ɗan duhu ana iya gyara shi a kwamfuta, amma maganar da makirfo bai kama ba ta tafi ke nan.

Daga nan sai salon aiki, kuma a nan ne masu biki da masu ɗauka suka fi samun saɓani, domin kowa ya ce "bidiyon biki" alhali abu biyu suke nufi. Akwai salon fim: minti 5 zuwa 10, an tsara shi kamar labari, da tafiyar hawainiya, da gyaran launi, da zaɓaɓɓun jimloli daga jawabai. Yana da daɗin kallo, ana tura shi a waya, ana maimaita shi. Illarsa ita ce yawancin baƙi ba za su fito ba, jawabin da ya ɗauki minti goma kuma zai koma jimla biyu. Akwai kuma salon adana tarihi: sa'a ɗaya ko biyu, komai a jere yadda ya faru, ba a yanke jawabi ba, kowane teburi an bi ta kansa. Matasa sukan ce yana da gajiyarwa, amma iyaye shi suke nema, kuma shi ne darajarsa ke ƙaruwa da shekaru. In aljihu zai ɗauka, ku nemi duka biyu a hannun mutum ɗaya. In ba zai ɗauka ba, ni dai dogon zan zaɓa, domin daga dogo ana iya yanko gajere ko bayan shekara biyar ne, amma gajere ba ya haifar da dogo.

Wasu kuma suna sayar da ɗanyen bidiyo, wato duk abin da kyamara ta ɗauka ba a tace ba. Yana da amfani a matsayin ajiya, sai dai ku san abin da za ku karɓa: ɗaruruwan guntaye, wasu na daƙiƙa biyar, wasu suna girgiza, muryar kuma tana iya zama a fayil dabam. Yawancin ƙwararru suna ɗauka da wani tsari da ke fitar da hoto fari-fari kamar an wanke launinsa, sai a wajen tacewa ake dawo da launin. Girman ma ba wasa ba ne. Kyamarar da ke ɗaukar 4K, wato hoto mai yawan ɗigo sosai, a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a sa'a ɗaya, to ku lissafa kyamara biyu na yini guda.

Mutum ɗaya ko tawaga? Mutum ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, ba ya cika wuri, kuma ga ƙaramin taro a waje guda ya wadatar, musamman in yana kafa kyamara ta biyu a kan sanda mai ƙafa uku tana ɗaukar gaban taro baki ɗaya yayin da shi yake zagayawa. Amma jikinsa ɗaya ne. In ango da amarya suna shiri a wurare biyu a lokaci guda, ɗaya zai rasa. In yana kan fuskar mai jawabi, hawayen mahaifiyar amarya sun wuce shi. Mutum biyu suna magance wannan. Fiye da uku kuma sai su fara shiga hoton juna, su tare wa baƙi gani. Ga manyan kamfanoni akwai tambayar da ba a tsallakewa: wane ne zai zo ranar? Sau da yawa aikin da kuka gani kuka yaba na mai kamfanin ne, wanda za a turo kuma wani ne dabam, domin sun karɓi biki uku a rana ɗaya. Ku nemi sunan wanda zai zo, ku ga aikinsa shi kansa, a rubuta sunan a takarda.

Haɗa hoto da bidiyo a kamfani ɗaya yana rage ciniki da rigima, domin sun saba aiki tare, sun san inda kowa zai tsaya. Sai dai kamfanoni da yawa sun fi ƙarfi a ɓangare ɗaya, ɗayan kuma cike gurbi ne, don haka ku duba kowane ɓangare dabam. Abin da ba na ba da shawara ko kaɗan shi ne mutum ɗaya ya riƙe hoto da bidiyo tare. A lokacin da ya fi muhimmanci dole ya zaɓi ɗaya.

Akwai kuma sabon rukuni: masu ɗauka da waya, su tace nan take, su turo muku gajerun bidiyoyi a tsaye kafin gari ya waye. Suna da amfaninsu, kuma wayoyin yanzu suna fitar da hoto mai kyau da rana. Da dare ne rauninsu ke fitowa, da kuma wajen murya. Ku ɗauke su a matsayin ƙari.

Maganar kayan aiki, kada sunan kyamara ya ruɗe ku. Sony, Canon, Panasonic, duk suna aiki a hannun wanda ya iya. Haka ma 4K: tana da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na 1080, wato hoton HD da aka saba, kuma tana ba mai tacewa damar yanko bidiyon tsaye na waya daga na kwance ba tare da hoton ya dushe ba. Amma 1080 mai haske da tsabtar murya ya fi 4K mai duhu nesa ba kusa ba. Tambayoyin da suka fi wannan nauyi su ne: kyamarar tana rubutawa a katin ajiya biyu a lokaci guda? Kati yana lalacewa ba sanarwa, kuma biki ba a maimaita shi. Yana da kyamara ta biyu in ta farko ta tsaya? Batir nawa yake ɗauka? Wasu tsofaffin kyamarori suna tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, wasu kuma suna zafi su mutu in an daɗe ana ɗaukar 4K, kuma tsakiyar dogon jawabi ne wannan ke faruwa.

Haske ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗakunan taro suna son fitilu masu launi, shuɗi da ja da shunayya, masu kyau a ido amma suna canza launin fata a kyamara. Ku duba a cikakken bidiyon da ya ba ku ko fatar mutane ta fito yadda take, musamman inda mai duhun fata yake sanye da fararen kaya, domin wanda bai iya ba ko dai ya ƙona farin ko ya nutsar da fuskar. Ku duba kuma ko hoton yana ƙifta-ƙifta ko wasu layuka suna bi ta kansa. Wutar lantarki a Afirka da Turai tana tafiya a kan hertz 50, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma 60, kuma in ba a saita kyamara daidai da wutar wurin ba, fitilu da manyan allunan bango suna haifar da wannan. Fitilun lesa kuwa suna iya lalata idon kyamara har abada, don haka ku gaya masa tun da wuri in za a yi amfani da su. In ya ce zai kawo nasa fitilar, ku tambayi irinta. Fitila mai ƙarfi a kan kyamara, ana haska ta cikin idon baƙi, tana sa mutane su kau da kai.

Jirgi marar matuƙi yana ba da hoton sama mai kyau na daƙiƙa goma ko ashirin, in wurin yana da abin kallo daga sama. In taron cikin gini ne, kuɗin banza ne. Ƙasashe da yawa suna da doka a kansa, kusa da filin jirgi an hana, a Amurka ma duk mai tashinsa don kasuwanci sai da lasisi. Wannan nauyin mai ɗauka ne, amma ku tambaya.

Kiɗan da za a ɗora ma yana da tarko. In an sa waƙar da ke da haƙƙin mallaka ba tare da izini ba, YouTube, Facebook da Instagram suna iya gano ta da kansu, su kashe sautin ko su toshe bidiyon. Ƙwararru suna biyan kuɗin rumbunan kiɗa masu lasisi saboda wannan.

Duk abin da kuka yi magana a kai, ya shiga takarda kafin kuɗi ya fita. Sa'o'i nawa zai yi, daga ƙarfe nawa, kuma nawa ne kuɗin kowace sa'a in taro ya ja, tunda biki ba ya cika tashi a kan lokaci. Bidiyo nawa za ku karɓa da tsawon kowanne. Ranar miƙawa, da kwanan wata, ba "in an gama" ba. Tacewa aiki ne mai cin lokaci, wata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne a lokacin da bukukuwa suka yi yawa, amma ku san ranar. Sau nawa za ku iya neman gyara kyauta. Me zai faru in ya yi rashin lafiya, wa zai maye gurbinsa, kuma me za a mayar muku in an ɗage bikin. Kada ku biya duka tun farko, ku bar wani kaso sai aiki ya zo hannu. Sai batun da mutane suka fi mantawa: yana da izinin saka fuskokinku da na baƙinku a shafinsa don talla? A ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar bidiyo yana hannun wanda ya ɗauka sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma takardun masu ɗauka sukan ba su wannan dama kai tsaye. In ba ku so, ku sa a goge wannan layin, ko a rubuta cewa sai kun gani kun amince.

Ku zauna da shi ido da ido, ko ta kiran bidiyo, kafin ku yanke shawara. Mutumin nan zai yini kusa da ku fiye da yawancin danginku. Ku lura ko yana saurare, ko yana tambayar su wane ne manyan gida da bai kamata a rasa su ba, ko kuwa shi dai labarin kyamararsa yake yi. Wasu masu ɗauka suna tsayar da taro su ce a sake tafiya, a sake murmushi, wasu kuma ba ka ma sanin suna wurin. Kowanne yana da masu sonsa, amma ku san wanda kuke ɗauka. Ku ba shi jadawalin ranar a rubuce, ku haɗa shi da mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san fuskoki, domin shi bai san wace ce kakar ango ba.

Ranar da aiki ya iso, kada ku karɓe shi ta WhatsApp, domin yana matse bidiyo ya rage ingancinsa sai in an tura shi a matsayin fayil. Faifan DVD ma ya tsufa: wanda aka saba gigabait 4.7 kawai yake ɗauka, hotonsa bai kai ko rabin 1080 ba. Ku karɓa a filashi ko ta mahaɗin saukewa, ku sauke nan da nan domin irin waɗannan mahaɗan suna da wa'adi. In filashin ya ƙi karɓar fayil alhali akwai wuri, tsarinsa ne FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai a mayar da shi exFAT. Ku kalli bidiyon gaba ɗaya a makon farko tun wa'adin neman gyara bai wuce ba, ku duba rubutun sunaye da kwanan wata. Sannan ku yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje, ɗaya a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa. Ku tambayi mai ɗaukar tsawon lokacin da yake riƙe nasa kwafin, domin da yawa suna gogewa bayan 'yan watanni su samar wa biki na gaba wuri.