Ka ajiye darasin da ya gagare ka kafin WAEC, ko ka daure?

Duk ƙarshen zangon aji biyar na sakandare sai an zo mini da wannan tambaya. Bana wata ɗaliba ce ta tsaya a ƙofar ofishin malamai, ta naɗe takardar Fiziks ɗinta a cikin hijabi, ba ta so ƙawayenta su ga jan biron da ke kai. "Malam, ni dai zan ajiye shi," in ji ta. Na tambaye ta me take son karanta a jami'a. Ta ce aikin jinya. Nan na ce ta samu wuri ta zauna.

Kafin komai, ka duba kundin kwasa-kwasan JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ka ga abin da kwas ɗin da kake so yake nema. Likitanci, haɗa magunguna da aikin jinya duk suna son Fiziks, Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci a jarrabawar UTME da JAMB ke shiryawa. Injiniyanci kuwa Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Sannan a sakamakon WAEC ana son kiredit biyar a darussan da suka dace, wato daga C6 zuwa sama. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Idan darasin da ke ba ka wuya yana cikin waɗannan, ajiye shi daidai yake da ajiye kwas ɗin baki ɗaya, kuma gara ka san haka yau da ka sani ranar cike fom.

Idan kuwa darasin na cike gurbi ne, magana ta sauya. WAEC tana karɓar darussa takwas ko tara, jami'a kuma biyar take dubawa. Further Maths, wato lissafi mai zurfi, shi ne babban misali. Mai son likitanci ba ya bukatarsa, kuma sa'o'in da yake cinyewa da Kemistiri aka ba su da sun fi amfani. A nan ina goyon bayan a ajiye, ba tare da jin kunya ba. Amma mai harin injiniyanci ya yi tunani sau biyu: akwai jami'o'in da ke nemansa, kuma ko inda ba a nema ba, lissafin shekarar farko a jami'a daga can yake ɗorawa. Wanda ya taɓa ganinsa a sakandare ba ya shan wahalar da takwarorinsa ke sha.

Zaɓi na gaba shi ne a daure a nemi lesin. Wannan yana cin kuɗi da lokacin yamma, kuma yana aiki ne idan an gano inda gizo ke saƙar. Sau da yawa yaron da ke kuka da Fiziks ba Fiziks ne matsalarsa ba, juya ƙa'idar lissafi ce bai iya ba tun ƙaramar sakandare. Ɗalibar nan haka ta kasance: na ba ta tambaya ɗaya, ta faɗi ma'anar komai daidai, da aka zo raba lambobi sai biro ya tsaya. Irin wannan mako shida na lesin mai kyau yana iya gyara shi.

Wasu iyayen kan ce a yi WAEC a yi NECO, a haɗa sakamakon. Jami'o'i da yawa suna karɓar zama biyu, amma likitanci a wurare da dama zama ɗaya ake so, ga kuɗin rajista kashi biyu.

Sauya aji gaba ɗaya, daga kimiyya zuwa ajin Arts ko kasuwanci, shi ne mafi tsada idan an makara. Mai son karatun lauya sai da Adabin Turanci, kuma littattafan shekara biyu ne zai cimma a cikin 'yan watanni. Ga kuma makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke tura wa WAEC tun daga aji huɗu, wanda sabon darasi ba shi da shi. Duk da haka, yaron da aka tura kimiyya don burin mahaifinsa, shi kuma zuciyarsa na kan tarihi ko Hausa, a bar shi ya sauya da wuri, kafin makaranta ta tura sunaye.

Ɗalibar nan ta riƙe Fiziks, ta ajiye Further Maths, kuma ranakun Asabar da safe tana zuwa lesin lissafi.